Likita ya rubuta mini “tachycardia” a kati, na kasa barci

Anti, barka da aiki. Ni matar aure ce mai shekara 24. Muna zaune a Gusau tun bara da muka baro ƙauyenmu na yankin Tsafe saboda ’yan bindiga. Sati bakwai ke nan da na haihu, a gida na haihu kuma na zubar da jini da yawa. Tun bayan suna ƙirjina ke bugawa da ƙarfi ko ina zaune, in na miƙe sai jiri ya ɗebe ni. Ranar da na kai yaro rigakafi na faɗa wa ma’aikaciya, ta tura ni wurin likita. Ya riƙe hannuna, ya rubuta 116, ya rubuta tachycardia da alamar tambaya a gabanta, ya ce in yi gwaje-gwaje in dawo. Ƙanena ya duba a waya ya ce ciwon zuciya ne mai kashe mutum farat ɗaya. Ban koma ba. Inna, mahaifiyar maigidana, ta ce tsoron da na ji ne daren da aka shigo garinmu. Ta karɓo mini rubutu, ta ce in ci gaba da wankan jego da kunun kanwa har in yi ƙarfi. Mece ce wannan kalma, Anti? Mutuwa zan yi in bar jaririna?

Maijego, Gusau

Ɗiyata, barka da arziki, Allah ya raya mana yaro ya albarkaci rayuwarsa. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda ya fi tsaya mini a rai shi ne inda kika ce ba ki koma ba. Zan zo kan wannan. Amma bari in fara cire miki ƙayar da ke hana ki barci.

Kalmar da aka rubuta miki ana furta ta takikadiya. Turawan ma aro suka yi daga tsohon harshen Girka, inda likitanci ya kwaso tarin kalmominsa. Gida biyu gare ta: taki na nufin sauri, kadiya kuma zuciya. In kin haɗa su, zuciya mai sauri ke nan, iyakar abin da ta ƙunsa. Zuciyar babban mutum da ke zaune yana hutawa tana bugawa tsakanin sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. In ta haura 100 alhali mutum bai yi gudu ba bai ɗauki kaya ba, sai ma’aikacin lafiya ya rubuta wannan kalma. Tana da ’yar’uwa, bradycardia, wadda ake rubutawa in bugun ya yi ƙasa da 60. Likitanki ya ƙirga, ya samu 116, ya rubuta sunan abin da ya ƙirga. Daidai yake da a sa miki ma’aunin zafi a ga 39 a rubuta zazzaɓi: an faɗi cewa jiki ya yi zafi, amma ba a kai ga faɗin ko cizon sauro ne, ko taifod, ko nono ne ya kumbura ba.

Alamar tambayar nan kuwa ta fi kalmar muhimmanci. A shekarun da na yi ina aikin jinya haka muke rubutawa in mun ga alama ba mu gano tushenta ba tukuna. Likitan yana cewa: na ga zuciya tana sauri, me ke korarta? Gwaje-gwajen da ya rubuta miki su ne za su amsa masa.

Ƙanenki bai yi ƙarya ba, sai dai waya ba ta san ki ba, ta zube masa komai wuri ɗaya. Saurin zuciya iri-iri ne. Akwai wanda zuciyar lafiya lau take, jiki ne ya buƙaci ta ƙara himma saboda zazzaɓi, ko ƙarancin jini, ko ƙishirwa, ko tsoro, kuma wannan ya fi kowanne yawa nesa ba kusa ba. Akwai wanda ke tasowa daga ɗan cikas a hanyoyin lantarkin da ke sa zuciya bugawa. Shi kan fara farat ɗaya kamar an kunna fitila, ya kai 150 ko fiye, ya kuma tsaya farat ɗaya. Sannan akwai mai tasowa daga ɗakunan ƙasa na zuciya, shi ne mai haɗarin da ƙanenki ya karanta, kuma galibi yana samun waɗanda zuciyarsu ta riga ta sami lahani. Na’urar ECG, wadda ake manna wa mutum wayoyi a ƙirji ta fito da zane a takarda, ita ke rarrabe su cikin ’yan mintoci, babu allura babu zafi. Yadda kika ba da labari, da lambar 116, sun fi kama da na farko. Amma ni takardarki na gani, ban riƙe hannunki ba.

Akwai wata kalmar da za ki ji a bakin ma’aikata in kin koma, palpitations, a ce falfiteshan. Ita daga Latin ta fito, kuma tana nufin mutum ya riƙa jin bugun zuciyarsa da kansa, abin da ba a saba ji ba in ana zaune. Bambancinsu shi ne, falfiteshan ke ce kike ji kike faɗa, takikadiya kuwa wani ne ya ƙirga ya rubuta. Mace kan zo tana cewa ƙirjinta kamar ana luguden gero a ciki, a ƙirga a samu 84, lafiya ƙalau. Wani dattijo kuma zai zo don ciwon ƙafa, ba ya jin komai a ƙirji, a samu 130. Ke kin haɗa biyun.

Mu Hausawa muna da namu kalmomin, har sun fi na Turawa yawa, sai dai suna shiga juna. Faɗuwar gaba, fargaba, gabana na dukan uku-uku, zuciyata ta tsinke. Ko “ciwon zuciya” ma, a bakinmu yana iya zama baƙin cikin kishiya, yana iya zama tsokar zuciyar ce ta gaza. Na sha ganin mace ta ce wa likita “faɗuwar gaba nake yi”, ya ɗauka damuwa ce ya lallashe ta, alhali jininta ne ya kusa ƙarewa. Don haka in kin zauna gabansa kada ki ce “ina da takikadiya” kamar sunan cuta, kada kuma ki tsaya a “gabana na faɗuwa”. Ki gaya masa yaushe yake farawa, a hankali yake hawa ko lokaci guda, minti nawa yake yi, bugun a jere yake ko yana tsallake, me kike yi in ya zo, da me ke biyo shi: jiri, haki, gumi, rawar hannu. Ki faɗa masa kin haihu a gida kuma jini ya zuba da yawa, ko da bai tambaya ba.

To, me ke korar zuciyarki? Zargina na farko ƙarancin jini ne, kuma ke da kanki kika ba ni dalilin. Ki duba mai ga-ruwan unguwarku. In jarkokinsa cike suke, sawu ɗaya ya ishe shi ya cika miki randa. In rabi-rabi aka zuba masa, dole ya yi sawu biyu, da sauri, yana haki, kafin randar ta cika. Jini shi ne jarkar da ke kai iskar numfashi ko’ina a jiki, zuciya kuma ita ce mai turin kurar. Kin yi wata tara yaro na ɗiba daga jikinki, kin zubar wurin haihuwa, yanzu kina shayarwa. Jinin da ya rage ba ya ɗaukar kaya kamar da, sai zuciya ta ƙara sawu. Jirin da kike ji in kin miƙe ma daga nan yake iya fitowa. Yau da rana ki ja fatar ƙasan idonki a gaban madubi, ki duba tafin hannunki da harshenki. In sun yi fari-fari maimakon ja, kin ga alama. Amma ido na yaudara. Gwajin PCV, wanda ke auna yawan jini, shi ne mai faɗin gaskiya, ɗan jini kaɗan ake ɗauka, kuma ƙananan asibitoci da yawa suna yin sa. Ga macen da ba ta da ciki, ana son ya kai wajen 36. In ya yi ƙasa, ƙwayoyin ƙarin jini irin waɗanda ake bayarwa a awo ne magani, a sha su wata uku ko yadda likita ya ce, ba a bari don an ji sauƙi a sati biyu. Za su iya mai da bayan gida baƙi, kada ya tsorata ki. Kada ki kora su da shayi, yana hana jiki tsotse su. Ki dage da hanta in an samu, da wake, da zogale, da kifi. In kuwa jinin ya yi ƙasa sosai, sai an ƙara miki a asibiti, kwaɗon zogale ba zai cike wannan giɓin da wuri ba.

Zazzaɓi ma na sa haka, kusan bugu 10 ga kowane digiri ɗaya da zafin jiki ya ƙaru, shi ya sa za a duba zazzaɓin cizon sauro. In jinin biƙi yana wari, ko mara na ciwo, ko nono ɗaya ya yi ja ya yi tauri, ki faɗa, kada kunya ta hana ki. Ga ƙarancin ruwa a jikin mai shayarwa da ke shiga ruwan zafi safe da yamma tana zubar da gumi. Wasu matan kuma, bayan haihuwa da wata ɗaya zuwa huɗu, ƙullin nan na wuya da ke zama maƙoƙo in ya kumbura yakan yi aiki fiye da kima na ɗan lokaci, sai zuciya ta yi sauri, hannu na rawa, mace na jin zafi tana ramewa. Shi ma gwajin jini ke nuna shi.

Yanzu ki ba ni hankalinki, don akwai abu ɗaya da ba zan ɓoye miki ba, kuma shi ne ya sa “ban koma ba” ta dame ni. Akwai wata gazawar zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa. Tsokar zuciyar ce ke yin laushi ta kasa tura jini da ƙarfi, sai ta riƙa sauri don ta cike, ruwa kuma ya riƙa taruwa a huhu da ƙafafu. Ƙasar Hausa na cikin wuraren da wannan ciwo ya fi yawa a duniya. Likitocin Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, kuma wani bincike da aka wallafa a 2007 daga asibitin koyarwa na Sakkwato ya same shi a kusan haihuwa 1 cikin 100, alhali a Amurka ana maganar ɗaya cikin dubbai. Ban ce shi kike da shi ba. Ina so ne ki san fuskarsa.

Fuskarsa kuwa ba ta ɓuya. Na tuna wata maijego da aka kawo mana ɗaki da daddare, ba ta kai shekarunki ba. Kwana goma ta yi tana barci a zaune, bayanta jingine da bango, don da ta kwanta sai numfashi ya sarƙe, tari ya taso. Uwarta ta ce sanyi ne ya shige ta, aka ƙara wa ruwan wanka wuta. Da na danna babban yatsana a ƙwaurinta na ɗaga, ramin ya tsaya kamar na danna tuwo. Aka ba ta maganin da ke fitar da ruwa ta fitsari da na ƙarfafa zuciya. Kwana na uku na shigo da asuba na same ta kwance a miƙe tana barci, jaririyarta a gefe. Mata da yawa suna warkewa haka cikin watanni in an kama abin da wuri aka dage da magani. Waɗanda muke rasawa galibi su ne waɗanda aka daɗe da su a gida. To ki tambayi kanki: kina kasa kwanciya a miƙe da matashi ɗaya? Kina farkawa cikin dare kina neman iska? Ƙafafunki ko cikinki sun kumbura? Kina haki daga ɗaki zuwa makewayi? In ɗaya daga cikinsu ya zama e, ko kika suma, ko ƙirji ya riƙe da ciwo, to ba zancen gobe ba ne, a ranar za a kai ki, ko da tsakar dare. Gwajin da ke tabbatar da wannan gazawar zuciya ana ce masa eko, hoto ne irin wanda ake yi wa mai ciki amma a ƙirji. Ki neme shi a manyan asibitocin Gusau, Asibitin Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, in kuma akwai buƙata su za su tura ki Sakkwato.

Wannan ya kawo mu kan wanka da kunu. Kanwa gishiri ce a jiki, tana riƙe ruwa, ruwan da ya ƙaru kuma kaya ne a kan zuciya. Ruwan zafi mai tsanani yana buɗe jijiyoyin fata, ya sa zuciya ta ƙara gudu, ya sa jiri. Likitocin Zariya na wancan lokaci sun danganta yawan ciwon da waɗannan al’adu biyu da kwanciya kan gadon wuta. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai hannun rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin wani sinadari da ake kira seleniyom. Ko ma wanne ya fi laifi, zuciyar da ke bugun 116 tana zaune ba ta buƙatar ƙarin kaya. Kin riga kin yi arba’in, kin sauke al’ada. Ki ajiye kunun kanwa, ki koma na gyaɗa ko na tsamiya, wanka kuma da ruwa mai ɗumi wanda hannu ke iya zama a ciki.

Kada ki yi wa Inna gardama a kan wannan. Da wankan nan ta raini maigidanki da ’yan’uwansa, kuma duk itacen da take hurawa don ƙaunarki take yi. Maigidanki ne zai yi magana, cikin ladabi, ya ce likita ya ce a dakata har a ga sakamakon gwaji. Mafi kyau ma ku tafi da ita asibitin ta riƙe miki yaro, ta ji da kunnenta. Rubutun da ta karɓo ki karɓa da hannu biyu, addu’a ba ta hana magani, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya mana Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Abin da zan hana ki shi ne jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba, musamman da kike shayarwa.

Sannan Inna ta faɗi wata gaskiya da bai kamata a wuce ta ba. Wanda ya kwana a daji da ƙarar bindiga a bayansa, jikinsa kan daɗe bai yarda an tsira ba. Ƙarar babura cikin dare, buga ƙofa da ƙarfi, ko yara su fasa abin wasa a layi, sai jiki ya saki sinadarin gudu kamar a daren farko: zuciya ta yi tsalle, baki ya bushe, hannu ya yi sanyi, mutum ya ji kamar ransa zai fita. Irin wannan yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10 sannan ya fara sauka. Ba iska ba ce kuma ba raunin imani ba ne, kuma a Zamfara yau gidaje nawa ne babu mai fama da shi a ɓoye? In ya taso ki zauna, ki ja numfashi ta hanci a hankali, ki sake shi ta baki ya fi shigarsa tsawo, ki riƙe zikirin da bakinki ya saba da shi. Ki sami wadda kika yarda da ita ki ba ta labarin daren, ba sau ɗaya ba. In mafarkin na dawowa, ko kina kuka ba dalili, ko kin ji ba kya sha’awar ɗaukar yaron, ki gaya wa likita, akwai taimako a kan wannan ma. Sai dai tsoro da ƙarancin jini suna iya zama a jiki ɗaya, kowanne na ƙara wa ɗan’uwansa ƙarfi. Ba a ɗora komai a kan tsoro sai an duba jini da zuciya an ga lafiya.

Kafin ki koma, ki koyi ƙirga bugun da kanki, zai rage miki fargaba ya kuma taimaki likita. Ki zauna ki huta minti biyar. Ki ɗora yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, a wuyan hannunki ta gefen babban yatsa, ki danna a hankali har ki ji yana harbawa. Ƙanenki ya riƙe agogon waya, ki ƙirga na daƙiƙa 30 ki ninka biyu. Ki yi da safe kafin ki sauko daga gado, da yamma, da lokacin da abin ya taso, ki rubuta a bayan katin. In kuma kika ɗora kunne a ƙirjin jaririnki kika ji tasa na gudu fiye da taki, kada ki firgita: jariri sabon haihuwa 120 zuwa 160 ne daidai a gare shi.

Ki bar goro da kofi da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari a ’yan kwanakin nan, ki riƙa shan ruwa duk lokacin da kika ba da nono. Kada ki je kemis ki ce a ba ki maganin faɗuwar gaba, kada kuma ki sha na hawan jinin wani. Akwai ƙwayoyin da ke rage gudun zuciya, amma in jini ne ya yi kaɗan, rage mata gudu kamar ɗaure ƙafar mai ga-ruwa ne randa ba ta cika ba. Wasu magungunan mura da na asma ma suna ƙara bugun, in kina shan wani ki tafi da kwalinsa.

Na san kuɗi na cikin abin da ya zaunar da ke, ko da ba ki rubuta ba. Wanda ya baro gonarsa ya zo birni, kowace naira da wurin zuwanta. Ki gaya wa likitan haka kai tsaye, ki ce ya jera miki gwajin daga wanda ya fi gaggawa. Na jini da na zazzaɓi su ne masu sauƙin kuɗi, kuma sau da yawa a nan amsar take. Sauraren ƙirji da duba ƙafa da awon hawan jini a ɗakin likita ake yin su, daga nan zai san ko eko ya zama dole. Ki ba maigidanki wannan amsar ya karanta yau da daddare, gobe da safe ku ɗauki katin nan mai alamar tambaya ku koma. In an ba ki sakamakon PCV, ki rubuto mini lambar, da abin da likita ya ce ya ji a ƙirjinki. Ki gaishe mini da Inna.